Daga Kaset Zuwa Memori: Tarihin Naɗar Hoton Talabijin a Gida, da Na'urar da Ta Tsallake Mu

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin namu na wannan mako, saboda 'yan'uwa da data ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda sabis ke yi wa wasa a garuruwansu. A gyara zama, yau tarihi ne.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Bayan Sallar da ta wuce na je gida Gummi, sai Inna ta ce in duba mata wani kaset a cikin tsohuwar adakarta. Kaset ɗin bidiyo ne na walimar dawowar Baba daga aikin Hajji a 1998. Baba ya rasu shekaru da dama, Allah Ya jiƙansa, kuma ƙannena biyu ba su san muryarsa ba. Na samu kaset ɗin, amma ta tagar gilashinsa kana hango wani farin abu kamar gari ya lulluɓe zaren. Fumfuna ce. Na zaga unguwa ina neman mai akwatin bidiyo, kowa sai ya yi dariya. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, wanga abu ai ya bi zamaninai." A hannuna ga hoton mahaifina da muryarsa, amma babu hanyar gani.

Da na dawo na shiga bincike, sai na ci karo da wani abu: a Japan, tun 2003 mutane ke da na'ura a ɗakinsu wadda ke naɗar shirin talabijin mai hoto garau, wanda ake kira HD, kai tsaye a kan faifai. Mu nan Anka da Gummi da Bukkuyum ba mu taɓa sanin wannan zangon ba. Daga kaset muka faɗa CD, daga CD muka faɗa waya. Me ya sa? Kuma me muka rasa a wannan tsallaken? Shi ne zancenmu na yau.

A farkon zamanin talabijin, abin da aka nuna ya wuce ke nan, kamar ruwan gulbi. Idan ba ka gaban akwatin a lokacin, to sai dai a ba ka labari. A 1956 wani kamfanin Amurka mai suna Ampex ya fito da na'urar naɗar hoto a kan zaren maganaɗisu, amma girmanta ya kai babban kabad, kuma gidajen talabijin ne kawai ke iya sayenta. Shekara uku bayan haka, a ƙarshen Oktoban 1959, aka buɗe WNTV a Ibadan, gidan talabijin na farko a Nijeriya. Arewa ta samu nata a Kaduna a 1962. Mu a lokacin da talabijin ya matso kusa, ta Sakkwato ya zo mana, domin ku tuna yankinmu yana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma ne, daga baya Jihar Sakkwato, har zuwa 1 ga Oktoban 1996 da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara. Iyayenmu da suka yi zama a birni za su ba ku labarin Idon Matambayi na Sakkwato, da Samanja na Kaduna, da Karkuzu na Jos. Ana gama nunawa, shi ke nan, sai wani makon.

Abin da ya canja lissafi shi ne shigowar na'urar cikin gida. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta biyo da VHS a 1976. Aka yi ta gwabzawa tsakaninsu. Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS awa biyu, kuma JVC ta buɗe wa wasu kamfanoni ƙofa su ƙera irin nata. Mai son naɗar ƙwallo ko fim ai tsawon lokaci yake nema, don haka VHS ta yi rinjaye. Ita ce mu muka sani da sunan "bidiyo" kawai.

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. Manyan kamfanonin fim na Amurka, Universal da Disney, sun kai Sony kotu, suna cewa naɗar shirinsu a gida satar fasaha ce. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. A watan Janairun 1984 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce mutum ya naɗi shiri don ya kalla daga baya a gidansa ba laifi ba ne. Ƙuri'a ɗaya tak ta raba. Abin dariyar shi ne, waɗannan kamfanonin da suka kai ƙara sun zo sun tara dukiya mai yawa daga sayar da finafinansu a kaset.

To mu dawo gida. Kafin bidiyo ta zo, kunnuwanmu sun riga sun saba da naɗa, ta hanyar kaset ɗin rediyo. Kuma a nan Gummi tana da abin faɗa. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka haifa a garin Gummi, ya rasu a 1992, yana cikin malaman farko a Arewa da suka rungumi rediyo da kaset. Tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello a Kaduna ana watsa shi ta Rediyon Kaduna, mutane suna naɗa, ana kwafa, kaset yana tafiya daga hannu zuwa hannu har ƙauyukan da shi bai taɓa takawa ba. Yau idan ka ji muryarsa a wayarka, ka sani cewa asalinta wani ne ya danna maɓallin naɗa shekaru da dama da suka wuce, wani kuma ya adana. Haka waƙoƙin makaɗan ƙasar Zamfara irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Abin da aka naɗa ya iso mu, abin da ba a naɗa ba ya tafi da masu shi.

Akwatin bidiyo ya fara shigowa gidajen masu hali, alhazai da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, a shekarun 1980. Ga waɗanda ba su riski abin ba, bari in kwatanta. Kaset ɗin baƙi ne, ya kai girman ƙaramin littafi, yawanci an rubuta E-180 a jikinsa, ma'ana yana cin minti 180, awa uku ke nan. A gefensa akwai wani ɗan harshe na roba. Idan ka ɓalle shi, na'ura ba za ta yarda ta naɗi wani abu a kai ba. Idan kuma kana son gogewa ka sake naɗa, sai ka liƙe ramin da salatif. Wallahi wannan ɗan salatif ɗin ya cinye tarihin gidaje da yawa. Yaro ya ɗauki kaset ɗin bikin yayarsa ya naɗi ƙwallo a kai, sai an zo nuna wa baƙi a ga 'yan wasa suna gudu.

Ga kuma wahalar kallo. Idan hoto ya fara rawa, sai a ce kan bidiyo ya yi datti, a buɗe a goge. Wani lokaci na'urar ta tauna zaren, a zauna da biro ana mayarwa a hankali. Wutar NEPA ba tabbas, ƙauyuka da yawa ma babu ita sam, shi ya sa gidan kallo mai janareta ya zama sinimar talaka. Ka biya ɗan abin da ya samu, ka zauna a benci ko tabarma, a sa maka fim ɗin Indiya ko na Chana.

Sai kuma mutanenmu suka gane cewa na'urar da ke nuna fim ɗin wasu za ta iya nuna namu. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don sayarwa. Ku lura, ya riga Living in Bondage na Kudu, wanda ya fito a 1992. Zuwa 1999 harkar ta bunƙasa har Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa ya laƙaba mata suna Kannywood, kuma a shekarar ce mujallar Fim ta fara fitowa. Sangaya da Wasila suka zo suka girgiza kasuwa. Daga Ƙofar Wambai a Kano ake ɗauko kaset a kwali, ya sauka Gusau, ya bi hanyar Mayanchi zuwa Anka, ya wuce Nasarawar Burkullu da Daki Takwas har Gummi. Mai shagon haya ya sayi ɗaya, unguwa guda ta kalla.

A daidai wannan lokacin wani abu ya faru a jiharmu. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen sinima. Kallo bai mutu ba, sai dai ya ƙara komawa cikin gida. Matan aure da dama ma can ba sa zuwa sinima, bidiyo ce ta kai musu fim har tsakar gida. Haka nan aka shiga yayin ɗaukar mai kyamara a biki, da suna, da saukar karatu, da hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zamfaran Anka ko Sarkin Mafaran Gummi, da dambe bayan kaka. Wannan shi ne ainihin tarihinmu mai motsi, kuma kusan duk a kaset yake.

Yauwa, yanzu mu zo kan faifai. A 1993 kamfanonin Sony da Philips da Matsushita da JVC suka amince da tsarin Video CD, wanda muke kira "sidi". Na'urorinsa masu arha daga Chana suka cika kasuwanninmu a farkon shekarun 2000. Faifan yana ɗaukar kamar minti 74 zuwa 80 ne kawai, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu. DVD ta fito a Japan a 1996, amma ta ɗauki shekaru kafin ta zama ruwan dare a wurinmu, kuma da ta zo, da irin faifan nan ta zo mai fim goma ko ashirin a cushe, hoto duk ya dushe.

Ga inda nake so ku natsu. Akwatin kaset yana kallo, yana kuma naɗa. Na'urar sidi da ta DVD da muka saya, kallo kawai take yi. Wato ranar da muka ajiye bidiyo muka rungumi sidi, mun samu sauƙi da arha, amma mun sayar da ikon naɗa ba tare da mun lura ba. Daga nan duk mai son a zuba masa abu a faifai sai ya je wurin mai kwamfuta. Na'urar DVD mai naɗa ta wanzu, kamfanin Pioneer ya fitar da ita a Japan a ƙarshen 1999, amma ba ta zama kayan ɗaki a wurinmu ba.

To me ya sa HD ta buƙaci sabon faifai? Lissafi ne mai sauƙi. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da suka haɗu. Na sidi 352 ne a kwance, 288 a tsaye, kusan ɗigo dubu ɗari. Na DVD 720 da 576, ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Cikakken HD kuwa 1920 da 1080, sama da ɗigo miliyan biyu. Kun ga ya ninka DVD sau biyar, ya ninka sidi sau ashirin. Sidi yana cin kusan MB 700, DVD tana cin GB 4.7. Shirin HD na tauraron ɗan'adam a Japan yana cin sama da GB 10 a awa ɗaya, don haka ko rabin awa DVD ba za ta ɗauka ba idan ba a matse shi ba.

Maganin da aka samo yana cikin launin haske. Faifai ana rubuta shi ne da hasken leza. Na DVD ja ne, sabon kuma shuɗi mai ratsin shunayya, wanda bakinsa ya fi siriri. Kamar bambancin rubutu da alƙalamin kara da rubutu da biro mai tsini: a allo ɗaya, mai tsinin zai fi cin rubutu. Daga nan sunan Blu-ray ya fito. A watan Afrilun 2003 Sony ta fitar da na'urar farko ta gida, BDZ-S77, kan yen 450,000, faifanta na GB 23 yana ɗaukar kimanin awa biyu na HD. Aka sake irin rigimar Betamax da VHS, wannan karon tsakanin Blu-ray da HD DVD na Toshiba, har Toshiba ta janye a Fabrairun 2008. Kuma masu finafinai sun koyi darasi daga shari'ar 1984: tunda kotu ba ta hana ba, sai suka sa makulli a cikin na'urar kanta. A Japan tun 2008 akwai tsarin da ke ƙayyade sau nawa za ka iya kwafar shirin da ka naɗa, ba ya wuce goma.

Me ya hana ta iso mu? Na farko, kuɗi. Na biyu, babu abin naɗa: a 2003 babu tashar da ke watso mana HD. Nijeriya ma ba ta cika wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015 na komawa talabijin na dijital ba, sai a Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos. Na uku, wuta. Na huɗu kuma, wanda ya fi duka, waya. GSM ta shigo a 2001, kuma kafin talabijin mai faɗi ya yawaita a gidajenmu, memori ya riga ya shiga aljihun kowa. StarTimes ta zo a 2010, Arewa24 ta buɗe a 2014 da su Daɗin Kowa, amma wanda ya rasa shirin daren jiya ba faifai yake nema ba. Wurin masu turawa yake zuwa a bakin kasuwa, a zuba masa a memori, shi kuma ya tura wa abokinsa ta Xender. Masu dish da risiba irin ta Strong mai ramin USB, wasunsu kan soka filashi su naɗi ƙwallo ko tafsiri. Wannan ita ce na'urar naɗar HD tamu, ba ta taɓa bi ta faifai ba. Kasuwar faifan Kannywood ta durƙushe, masu shiryawa suka koma YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So.

Wani zai ce, to ai mun huta, komai yana intanet. A nan ne mu 'yan Zamfara muke da amsar da wasu ba su da ita. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk jihar saboda matsalar tsaro, kuma a ƙananan hukumomi irin namu abin ya kai kusan wata uku. Ranar nan kowa ya gane bambancin abin da ke hannunka da abin da ke can sama. Mai karatu ko waƙa ko hotunan iyalinsa a memori yana da su. Wanda ya dogara da YouTube da Facebook ya zauna da waya kamar dutsen guga.

Kuma ba mu kaɗai muka yi sakaci ba. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da zaren. Hukumar NASA ta amsa a 2009 cewa asalin zaren da ya naɗi saukar ɗan'adam a duniyar wata a 1969 an goge shi an sake naɗa a kai. A ɗaya gefen kuma ga wata mata a Philadelphia ta Amurka, Marion Stokes, wadda ta riƙa naɗar labaran talabijin a gidanta daga 1979 har ta rasu a 2012, ta bar kaset kusan dubu saba'in, yanzu suna hannun Internet Archive. Mace ɗaya da akwatin bidiyo ta adana abin da manyan tashoshi suka zubar.

Mu namu ya fi gaggawa. Ƙauyuka nawa a Anka da Bukkuyum mutanensu suka watse saboda 'yan bindiga, suka fita da kayan jikinsu kawai? Ambaliyar da ta afka wa Gummi a Agustan 2024, adaka nawa ta jiƙa? Akwai garuruwan da hoton kasuwarsu tana ci, da filin Idinsu a cike, da fuskokin dattawansu, ba ya ko'ina sai a wani kaset da aka ɗauka ranar bikin wani. Ga zafi, ga ƙura, ga damshin damina, duk suna cin zare. Faifan da aka zuba a shago ma ba dawwamamme ba ne, rana da ƙarzuwa suna kashe shi. Na'urorin kuma suna ƙarewa: Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera akwatin VHS, ya daina a Yulin 2016, Sony kuma ta daina ƙera faifan Blu-ray na naɗa a Fabrairun 2025.

Don haka ga roƙona gare ku matasa. Ku tambayi iyaye, ku buɗe adaka da tsoffin kabad. Kaset ɗin da ka gani da fumfuna kada ka soka shi a na'ura, zai ɓata kansa ya ɓata na'urar, ka kai wa mai gyara ya share tukuna. Mai lafiya a ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. Akwai ɗan abin da ake haɗa bidiyo da kwamfuta ta USB a juye hoton, masu ɗaukar biki na da da dama sun san aikin. Faifan sidi da DVD kuwa a kwafe su yau, tun suna buɗewa. Idan an juye, kada a bar shi wuri ɗaya: ɗaya a filashi, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Ku zauna da tsofaffi su faɗa muku wane ne wannan, wace shekara ce, ku rubuta. Sannan a kiyaye amana: bikin mata na cikin gida ba abin ɗorawa a TikTok ba ne sai da izinin masu shi.

Kaset ɗin Baba fa? Na kai shi Sakkwato wurin wani tsohon mai gyara. Ya kwance shi, ya share zaren a hankali, ya yanke inda ya ruɓe ya haɗa. Cikin awa uku mun tsira da kamar minti arba'in. Hoton yana rawa, launin ya koɗe, ko kusa da HD bai kai ba. Amma akwai wurin da Baba ya juyo yana dariya yana cewa a ƙara wa baƙi zamzam. Autarmu ta maimaita wurin nan ban san sau nawa ba, Inna kuma ta tashi ta shiga ɗaki.

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa: wane kaset ne ke ajiye a gidanku, kuma wa ke cikinsa? Idan ka san mai juye kaset a Gusau, Talata Mafara, Zuru ko Sakkwato, ka taimaka wa 'yan'uwa da kwatance. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.